Darasi a Kan Ciwon Mantuwa da Hukuncin Gwajin Magani a Jikin Dabbobi

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya ba ɗan Adam hankali aro, Yake karɓar abinsa a sa'ad da Ya so. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, dalilin wannan darasi wata tambaya ce da aka kawo mana bayan sallar La'asar a nan Kara-Kara. Wani saurayi ɗan kabu-kabu ya jira har jama'a suka watse, sannan ya durƙusa ya ce: “Allah gafarta Malam, tsohuwarmu ce. Yau shekara biyu ke nan tana kira na da sunan ƙanenta da ya rasu tun ban san kaina ba. Ta ci tuwo yanzu, ta ce ba a ba ta ba. Ran nan ma a bakin tasha aka tsinto mana ita.” Sai ya zaro salula ya nuna mana wani saƙo na WhatsApp, wai an gano maganin ciwon mantuwa a ƙasar waje, an gwada shi a kan ɓeraye sun warke sarai. Ya ce akwai mai tallar magani da ya yi masa alkawarin kwalba ɗaya, shi kuwa ba ya da abin biya sai babur ɗin da yake ci da gidansu da shi. Tambayarsa biyu ce: shin labarin gaskiya ne, kuma shin abin da aka sarrafa a jikin ɓera ya halatta ga Musulmi? Muka ce masa kada ya taɓa babur ɗinsa, ya ba mu kwanaki. Abin da muka samo daga littattafan malamai da kuma bakin masana aikin likita, shi ne muke shimfiɗawa a nan, domin mun san ba gidansu kaɗai wannan jarrabawa ta shiga ba.

Tsufa ne ko cuta?

Allah Maɗaukakin Sarki Ya ambaci wannan hali a wurare biyu, a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, inda Ya bayyana cewa daga cikin mutane akwai wanda ake ja wa kwana har ya kai ƙasƙantaccen zango na rayuwa, abin da ya sani a da ya kuɓuce masa. Shi ne malamai ke kira arzalul umuri, mu kuma muke ce masa gigin tsufa. Ya tabbata cikin Bukhari, daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA), cewa Manzon Allah (SAW) ya kasance yana neman tsari daga kaiwa wannan zango.

A nan ne wani ɗalibi zai iya tsayar da mu, ya ce ai a hadisin Usama ɗan Sharik (RA), wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, an umurce mu da neman magani, aka kuma toge abu ɗaya da ba shi da magani, wato tsufa. To in gigin tsufa tsufa ne, mene ne amfanin wahalar neman maganinsa? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana gaban idonmu. Kowannenmu ya san dattijon da ya haura shekara 90 yana tilawa ba gargada, yana lissafa sarakunan Damagaram ɗaya bayan ɗaya. Ashe ba kowane tsufa ke zuwa da ruɗewa ba. Ta ɗaya gefen kuma, mace ta farko da aka rubuta labarin wannan ciwo a kanta shekarunta 51 ne kacal. Sunanta Auguste Deter. Wani likitan Jamus mai suna Alois Alzheimer ya fara duba ta a birnin Farankfut a 1901, da ta rasu a 1906 ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin ƙara girma, ya ga abubuwa biyu: wani dasƙararren abu da ya taru tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kamar tsatsa a jikin ƙarfe, da wasu zaruruwa da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin kansu. Na farkon ana ce masa amiloyid, na biyun tawu, ciwon kuma ya ɗauki sunan likitan, Alzaima. Saboda haka abin da muka fahimta shi ne, tsufa daban, wannan cuta daban, sai dai ta fi kama tsofaffi. Tana shiga ƙarƙashin hadisin Abu Huraira (RA) na cikin Bukhari, mai nuna cewa duk cutar da aka saukar an saukar da maganinta. Neman maganinta ba jayayya da ƙaddara ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 masu ciwon ruɗewa sun kai miliyan 57 a duniya, fiye da 60 cikin 100 nasu a ƙasashe marasa ƙarfi suke, kuma Alzaima ita ce sanadin 60 zuwa 70 cikin 100. Kada wani ya ce ciwon Turawa ne. A wani bincike da likitocin Zariya suka buga a 2011, sun duba tsofaffi 322 a cikin gari, suka samu kusan 3 cikin 100 suna da shi, kashi biyu bisa uku na waɗannan kuwa Alzaima ce.

Abin da ɓera ya yi wa wannan unguwa

Kafin mu zo kan ɓeran saƙon salula, bari mu tuna wa kanmu wani abu, don kada a ɗauka muna raina aikin masu bincike. Babu wanda bai san asalin Kara-Kara ba. Nan aka keɓe masu ciwon kuturta, aka nisanta su da gari, har yau kuma ƴaƴansu da jikokinsu suna ɗauke da nauyin wannan suna idan sun je neman aiki ko neman aure. To ƙwayar cutar kuturta, wadda wani likitan Nowe mai suna Hansen ya gano a 1873, tana da wata ɗabi'a: ba ta yarda ta hayayyafa a cikin kwalbar gwaji kamar sauran ƙwayoyin cuta. Wannan ya ɗaure hannun likitoci kusan shekara 90, domin abin da ba ka iya renonsa ba, da wuya ka san abin da ke kashe shi. Sai a 1960 wani likita a Amurka, Charles Shepard, ya sa ƙwayar a tafin ƙafar ɓera, wato kusu, inda jiki yake da ɗan sanyi, ta kuwa hayayyafa. Da tafin ƙafar ɓera aka tabbatar a 1964 cewa cutar ta fara bijire wa dafson, maganin da aka dogara a kansa shi kaɗai a wancan zamani, da shi kuma aka auna ƙarfin wasu magunguna. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magani uku, tun 1995 kuma ake ba da su kyauta. Yau wanda ya ga tabo a fatarsa ya je likita da wuri, wata shida ko shekara ɗaya ya ishe shi, bai rasa yatsa ba. Duk wanda ya ga hannun kakanninmu ya kuma ga hannun yaranmu, ya san ni'imar da Allah Ya gudanar ta hanyar wannan ƴar halitta da muke bi da sanda.

Amma ku lura da kyau, domin a nan mas'alar take. Ƙwayar da ke tafin ƙafar ɓeran nan ita ce dai ƙwayar da ke jikin mutum, ba wata ba. Abin da ya kashe ta can, akwai kyakkyawan zato zai kashe ta nan. Ciwon Alzaima ba haka yake ba. Ɓera ba ya kamuwa da shi a ɗabi'arsa, dukan rayuwarsa ma ba ta fi shekara biyu zuwa uku ba, alhali ciwon yana ɗaukar shekara 15 zuwa 20 yana ginuwa a ɓoye cikin kan mutum kafin iyali su ga alama.

Yadda ake yi wa ɓera ciwon aro

Dabarar da masu bincike suka yi ita ce. A 1991 aka gano a Landan cewa wasu ƴan gidaje suna gadon ciwon ta hanyar aibi a ƙwayar gado guda ɗaya. Sai aka ɗauki wannan ƙwaya ta ɗan Adam aka dasa a cikin ƙwan ɓera. A 1995 aka samu ɓera na farko da amiloyid ke taruwa a ƙwaƙwalwarsa, a 1996 aka samu wani a Jami'ar Minesota. Yadda ake auna mantuwarsa kuwa abin mamaki ne. Akan cika wani babban baho da ruwa, a gurɓata shi ya yi fari kamar nono, a ɓoye ɗan dandamali a ƙarƙashin ruwan, a saki ɓera ya yi iyo. Lafiyayye in ya sami dandamalin yau, gobe kai tsaye zai nufe shi. Mai ciwon sai ya yi ta kewaye. In aka ba shi magani ya koma yana samun wurin da sauri, sai a rubuta cewa maganin ya yi aiki, daga nan labari ya kama hanya har ya iso salular ɗan kabu-kabu.

Sai dai ciwon nan na aro bai cika kama da na mutum ba. Irin na gado da aka kwaikwaya bai wuce kimanin 1 cikin 100 na masu Alzaima ba. Yawancin ɓerayen farko suna da amiloyid amma ba su da cukurkuɗewar tawu, ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsu kuma ba sa mutuwa da yawa kamar yadda na mutum ke yi. Sannan ɓeran ba ya da hawan jini, ba ya da ciwon suga, bai yi shekara 70 yana shan rana da talauci ba. Manta wurin dandamali a baho kuma ba ɗaya ba ne da uwa ta dubi ɗanta ta kasa gane shi.

An kuwa ga sakamakon wannan bambanci. A 1999 aka yi wata allurar rigakafi da ta share amiloyid daga kan ɓeraye, duniya ta ɗauka an gama. Da aka zo kan mutane, cikin 300 da aka yi wa ita, 18 suka kamu da kumburin ƙwaƙwalwa, aka tsayar da gwajin a 2002. Bayan shekaru, likitoci a Ingila suka duba ƙwaƙwalen wasu da suka karɓi allurar bayan rasuwarsu, suka tarar amiloyid ɗin ya share, amma mutanen sun mutu cikin matsananciyar ruɗewa. Wani lissafi da aka buga a 2014 ya nuna cewa daga 2002 zuwa 2012 an gwada magunguna 244 a kan masu wannan ciwo, ɗaya tak ya sami izinin shiga kasuwa. Ku sake karanta wannan adadi, sannan ku auna maganar mai kwalba da shi.

Adalci ya wajaba a kanmu, ba duka aikin ya tafi a banza ba. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da cikakken izini ga wani magani mai suna lekanemab, wanda asalinsa daga jikin ɓera aka fara samo shi a Suwidin, a 2024 kuma ta ba wani mai suna donanemab. Amma shi lekanemab, a gwajin mutum 1,795 na wata 18, abin da ya yi shi ne rage saurin taɓarɓarewa da kimanin 27 cikin 100. Bai tsayar da ciwon ba, bai maido da abin da ya tafi ba, kuma ga wanda ciwonsa yake farko-farko kawai ake ba da shi. A gwajin, ta jijiya aka riƙa ɗura shi kowane mako biyu, ana bin mai ciwon da hoton ƙwaƙwalwa, domin kusan 13 cikin 100 sun sami kumburi a kai. Kuɗinsa a 2023 dalar Amurka 26,500 ne a shekara, wajen miliyan 16 na sefa. Wannan shi ne iyakar inda masu dukiya da ilmi suka kai, da sauran rina a kaba. Wanda ya zo maka da shi a kwalba a bakin kasuwa, dukiyarka yake so ya ci da ɓarna, abin da ya karɓa kuma haram ne a gare shi.

Hukuncin gwajin

Asali dai Allah Ya hore wa ɗan Adam abin da ke bayan ƙasa don amfaninsa, kiyaye rai da kiyaye hankali kuma suna cikin manyan manufofi biyar na Shari'a. Ɓera ma yana cikin dabbobi biyar da hadisin Nana A'isha (RA) ya halatta kashewa ko a cikin Harami saboda ɓarnarsu. In ya halatta a kashe shi don ya ɓata hatsi a rumbu, amfani da shi don ceton hankalin mutane ya fi cancantar halatta. Magabata ma sun yi. Ibnu Zuhur, likitan Ishbiliya ta Andalus wanda ya rasu a 1162, sai da ya gwada huda maƙogwaro a jikin akuya ya ga ta warke kafin ya yi maganar yinsa ga mutum. Dangane da dasa ƙwayar gado, wanda wasu ke tsoron ko yana cikin canza halittar Allah da aka zarga a Suratun Nisa'i aya ta 119, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 1998, ta halatta amfani da wannan ilmi wajen kariya daga cuta da maganinta, da wajen noma da kiwo, da sharaɗin a kiyaye cutarwa.

Amma halaccin kisa ba halaccin azabtarwa ba ne. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, mun san hanin da aka yi na mayar da mai rai abin koyon harbi, mun san umurnin kyautatawa ko a wajen yanka cikin hadisin Shaddadu ɗan Ausu (RA). Daga nan muke cewa sai in akwai buƙata ta gaskiya da ba a iya biya ta wata hanya, kada a yi amfani da ɗari inda goma ta isa, a ciyar da su a shayar da su, a gusar musu da zafi gwargwadon iko. Masu binciken su ma suna da ƙa'idoji makamantan waɗannan tun 1959. Akwai kuma sharaɗin da muke ganin ya fi waɗannan nauyi, wato amana wajen faɗin sakamako. Wani shahararren rahoto kan wannan ciwo da aka buga a mujallar Nature a 2006, wanda dubban masu bincike suka kafa hujja da shi, an janye shi a 2024 bayan an gano an taɓa hotunan da ke cikinsa. Wanda ya yi algus a nan ya zalunci dabbobin da aka kashe, ya kuma zalunci marasa lafiyar da ke jira. Idan aka tashi daga dabba zuwa mutum kuwa, sai da saninsa da yardarsa ko ta waliyyinsa. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, shekarar sanƙarau, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan: cikin yara 200 da gwajin ya ƙunsa 11 suka rasu, iyaye suka kai ƙara cewa ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jihar.

Shan maganin da aka gwada a kan ɓera kuwa babu laifi a cikinsa. Kusan duk abin da ke farmasi ta wannan hanya ya biyo.

Tsohon da ke ɗaka

To tun da magani bai iso ba, me ya rage a kanmu? Abu na farko shi ne mu san hukuncinsa. An ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe, a wata ruwaya ta Abu Dawuda daga Sayyidina Ali (RA) ma an ambaci mai gigin tsufa da sunansa. Babu salla a kansa, babu azumi, babu ciyarwa a madadinsa. In yana farfaɗowa wani lokaci, to a wannan lokacin ne kawai hukunci ke hawa kansa. Sakinsa ba ya aukuwa, cinikinsa da kyautarsa ba su ƙulluwa. Mun faɗi wannan da ƙarfi, domin mun ga ƴaƴan da suka kama yatsan uba suka dangwala a takardar sayar da fili alhali bai san ko wace rana ce ba. Zakka kuwa a mazhabar Imamu Malik tana nan a kan dukiyarsa, waliyyinsa ne zai fitar.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne ƙazafin maita. Tsohuwa ta fita da dare ta shiga gidan da ba nata ba, ko ta yi ta ambaton matattu, ko a tsare ta da tambaya ta amsa abin da ba ta san ma'anarsa ba, sai a ce ta tona kanta, yara su bi ta da jifa. Mutanen wannan unguwa, waɗanda aka guje wa iyayensu saboda cuta, su ne ya kamata su fi kowa ƙin wannan. Allah Ya hana ko nuna ƙosawa ga iyaye idan tsufa ya kama su a hannunmu, a Suratul Isra'i aya ta 23, bai kuwa toge wanda ya ruɗe ba. Ɗaure shi da igiya ko kulle shi shi kaɗai cikin zafin bazara zalunci ne. A lura da ƙofa, a sanar da maƙwabta da masu shagunan layi, a kawar da wuta da wuƙa daga kusa da shi, a kuma karɓa wa matar da ke jinya, domin sau da yawa suruka ɗaya ake bar wa dukan nauyin har ita ma ta kwanta.

A kuma kai shi likita. Ba kowace ruɗewa ce Alzaima ba. Zazzaɓi, ciwon fitsari, ƙarancin wasu sinadaran abinci a jini da baƙin ciki mai tsanani duk suna iya ruɗa tsoho, kuma ana warkewa daga gare su. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2024 cewa kusan 45 cikin 100 na ciwon ruɗewa yana da alaƙa da abubuwa 14 da ake iya gyarawa, daga cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, raunin ji da na gani, rashin karatu a ƙuruciya da zaman kaɗaici. Awon jini a likitar unguwa bai kai kuɗin man babur na yini ɗaya ba.

Shi saurayin namu ya kai mahaifiyarsa babban asibitin Damagaram, aka tarar jininta ya hau ƙwarai, aka ɗora ta a kan magani. Mantuwar tana nan, an kuma gaya masa ba za ta tafi ba. Da ya dawo sai ya ce: “Malam, saura ɗaya. In ta kira ni da sunan kawuna na amsa, na yi ƙarya? Da nakan ce mata ya rasu, sai ta fashe da kuka kamar yanzu aka yi mutuwar, gobe kuma mu sake.” Muka ce masa amsa kira ba da'awa ba ce, ita kai take nufi ko da wane suna ya zo bakinta, ka amsa. In ta tambayi inda yake, ka ce yana hannun Allah, ka ja ta da hirar zamanin ƙuruciyarsu, domin tsohon abu shi ne yake daɗewa bai goge ba. Ya ce haka ne, har yanzu Fatiha ba ta kuɓuce mata ba, in ya tayar da salla a tsakar gida takan bi shi daga zaune.